Takardar Haihuwa: An Bar Jaki, Ana Dukan Taiki

Duk shekara, idan sanyi ya kama, makarantu kuma suka fara haɗa takardun ƴan jarrabawa, ƙofar ma'aikatar magajin gari takan cika tun kafin mai shara ya gama aikinsa. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, taron iri ɗaya ne: dattawa da rawuna, mata da goyo, ɗalibai da kayan lakwal, kowa riƙe da ƴar leda wadda ya naɗe wata takarda a ciki kamar laya. Abin da ya tara su bai taka kara ya karya ba. Wani kwafin takardar haihuwa yake nema, wani so yake a buga masa hatimi a kan hoton wadda yake da ita, wani kuma an ce masa sunansa na lakwal ya saɓa da na takarda. Aiki ne na minti goma. Amma akwai wanda zai share kwana goma a kansa, akwai kuma wanda shekararsa ta karatu za ta salwanta saboda shi.

A ɗauki misalin wani manomi da ƴarsa, wadda ta kai ajin ƙarshe na kwaleji, tana shirin zaman jarrabawar BEPC. A ƙauye aka haife ta, a ɗakin uwarta, ungozoma ce ta yanke cibi. Makaranta ta ce ba a karɓar dosiye sai da kwafin takardar haihuwa mai hatimi. Uban ya auna ƴan tiyoyin wake ya sayar, ya hau kabu-kabu zuwa garin da ma'aikatar take. Ranar farko aka ce masa: «Baba, mai sa hannu ya tafi taro, ka dawo jibi.» Jibin da ya koma aka ce tambur ya ƙare. A zuwa na uku aka buɗe kundi, aka duba sama-sama, aka ce babu sunan yarinyar, sai dai ya nemi shaidu biyu ya tafi wurin alƙali. Ya ce: «Ranka ya daɗe, ai tun satin suna na faɗa, a gabana aka rubuta.» Aka amsa masa da cewa wannan rubutu ba a nan aka yi shi ba. Dattijon ya naɗe ledarsa, ya yi godiya, har yana ba da haƙuri, shi da aka yi wa laifi.

Idan wannan labari ya isa zauren taron bita a Yamai, inda ake raba ruwan gora da kuɗin zama, suna guda za a raɗa masa: rashin wayewar kan jama'a. Za a ce mutanen karkara ba su san darajar takarda ba, kullum sai ranar tafiya suke fafe gora. Daga nan a tsara sabon shirin faɗakarwa, a buga riguna da huluna, a watse. An daɗe ana biya wannan karatu, har ya fara kama da gaskiya, alhali kuwa a kife yake. Takardar haihuwa bashi ne a wuyan hukuma, wanda ya hau kanta tun ranar da jariri ya faɗo duniya. Abin mamakin shi ne, wanda ake bi bashin shi yake ɗaure fuska, mai bin bashin kuma shi ake kira jahili.

Abin da doka ta ce

Ba ƙarancin doka ke damun Nijar a wannan fage ba. An yi dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1985, zamanin Janar Saini Kunce. An sake ta a watan Disamba na 2007. An kuma sabunta ta da dokar 1 ga Yuli 2019, wadda ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Tun 1990 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 7 ya wajabta a rubuta kowane yaro da zarar an haife shi, ya sami suna, ya sami ƙasa. A rubuce, tsarin ba shi da wuya. Ana sanar da haihuwa a gidan likita, ko a wurin wanda aka wakilta a ƙauye ko a ruga. Takardar sanarwa ta tafi ma'aikatar magajin gari, a shigar da ita kundi, jami'i ya sa hannu, a ba iyaye takardar ɗansu ba tare da sun biya ko dala ba. Wanda wa'adi ya wuce shi, sai ya gurfana gaban alƙali da shaidu, a yi masa hukuncin da zai tsaya a madadin sanarwa, wanda tsofaffin ƴan lakwal suka sani da sunan jugement supplétif.

A dubi wannan sarƙa da kyau. Zobe ɗaya tak ne yake hannun uba, wato sanarwa. Ɗaukar takarda daga ƙauye zuwa gari, da rubutawa, da sa hannu, da ajiya, da mayarwa ga mai ita, duk aikin hukuma ne. Alƙaluman hukuma da kansu sun nuna inda sarƙar take tsinkewa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya sami kashi 32 cikin ɗari na yaran da ba su kai shekara biyar ba waɗanda aka sanar da haihuwarsu. Na 2012 ya sami kashi 64. Cikin shekara shida adadin ya ninka. Jama'ar nan da aka ce ba ta san darajar takarda ba, da aka kusanto mata da wurin sanarwa, aka kuma ɗauke wa masu ciki da ƙananan yara kuɗin awo da magani tun 2006, sai ta fito. Amma binciken na 2012 ya kuma nuna cewa da yawa daga cikin yaran da aka sanar ba su da takardar a hannu. Iyaye sun sauke nasu nauyin. Sanarwar ce ta kwana a cikin kwali, ko a aljihun tebur, tana jiran mai babur da zai kai ta, ko mai alƙalami da zai kwafe ta, ko mai hatimi da zai dawo daga taro.

Wa ya ce Bahaushe bai san rajista ba?

Kafin a ɗora wa jama'a jahilci, ya kamata a tuna cewa a ƙasar Hausa babu haihuwar da ake yi a ɓoye. Ranar bakwai da asuba ana taruwa a ƙofar gida. Liman ya raɗa suna, a yi fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta, a yanka rago, a raba goro da dabino, wanzami ya yi aski. Duk wanda ya ci goron nan ya zama shaida, kuma shaidun sun fi biyun da alƙali yake nema nesa ba kusa ba. Sunan da kansa rajista ne. Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu suna faɗin jerin haihuwa, daga na ɗaya zuwa na biyar. Ladi, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai da Asabe suna faɗin rana. Azumi da Tasalla suna faɗin wata, Marka da Nomau suna faɗin yanayin shekara. Hasan da Usaini tagwaye ne, Gambo kuma shi ne mai bi musu. Shekarar ma tana da abin riƙewa: kakanni sun yi lissafi da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, iyaye da El Buhari ta 1984, matasan iyaye da husufin rana na 2006. A gidajen malamai kuwa, akwai waɗanda suka saba rubuta ranar haihuwar ƴaƴansu da ajami a gefen littafi. Al'ummar da take da irin wannan tsari, ba ta buƙatar a koya mata cewa haihuwa abin tunawa ce.

Abin da ta guda shi ne kundin hukuma, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ranar da aka fara zuwa ƙauye da babban littafi ana rubuta sunaye, ba alheri ya biyo baya ba. Da littafin aka yanka lampo bisa kowane kai, da shi aka ɗebi ƙarti zuwa aikin dole wanda ba a soke ba sai a 1946, da shi aka kama samari zuwa soja, aka kama yara zuwa lakwal. Uban da ya ɓoye ɗansa a rumbu ranar ƙidaya ya fi kowa sanin ma'anar rubutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma sai ya yi tsalle. Bature ya tafi a 1960, lampo bai bi shi ba. Har yau hukuma ta san hanyar kowane ƙauye in lokacin haraji ya yi, ta san kowane magidanci ta bakin mai garinsa. Ba a taɓa jin wanda ya kawo kuɗin haraji aka ce masa ya dawo jibi saboda mai karɓa ya tafi taro ba. Ashe ƙafar tana nan lafiya, zaɓen inda take zuwa take yi.

Akwai kuma wani abu da masu tsara fom ba su kula da shi ba, domin fom ɗin daga wata ƙasa aka kwafo shi. A Faransa iyaye sukan zaɓi suna tun kafin haihuwa, doka kuma ta ba su kwana biyar su sanar. A nan, mai jego tana barin gidan haihuwa da jariri wanda bai da suna tukuna, sai ranar bakwai. In haihuwar fari ce, sau da yawa gidan iyayenta take tafiya wanka, watakila a wani gari, ba ta dawowa sai ta yi arba'in. In aka tambaye ta sunan mijinta ko na ɗanta na fari a gaban jama'a, alkunya ta hana ta faɗa, sai ta ba da laƙabi, magatakarda kuma ya rubuta laƙabin. Duk waɗannan abubuwa sanannu ne ga kowane ɗan ƙasa, har da jami'in da ke cika fom ɗin, tunda a gidansa ma haka ake yi. Ofis ne ya ƙi saninsu.

Ƴan ɗaya ga Janairu

Sakamakon wannan nisa tsakanin suna da kundi yana nan a rubuce a aljihun miliyoyin mutane. Tsofaffin takardu cike suke da kalmomin nan biyu, né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza. Sau da yawa shekarar kallon ido ce: aka dubi tsawon yaro, ko aka ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunne, aka yanke masa shekaru. Da kwamfuta ta zo, ba ta san «wajen» ba, rana take so da wata. Sai aka tattara kowa aka zuba a 1 ga Janairu. Mai duba jerin sunayen ma'aikata ko na masu zaɓe zai ɗauka cewa matan ƙasar nan sun yi yarjejeniya su riƙa haihuwa ranar sabuwar shekarar Nasara. Ko a tarihin rayuwar shugabannin ƙasa biyu, Isufu Mahamadu da Bazum Muhammad, 1 ga Janairu ake gani. Mutumin da sunansa Ɗanjuma, wanda duk garinsu ya san ran Juma'a aka haife shi da kaka, takarda ta ba shi ranar da ba tasa ba, kuma ita za a bi ranar da za a sallame shi daga aiki.

Rubutun suna ya fi wannan ciwo, domin shi ne yake kayar da ɗalibai tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa. Suna ɗaya ne uwa take kiran ɗanta da shi, amma a takarda yana iya fitowa Mahamadou, ko Mahaman, ko Mamane, ko Mohamed. Lawali ya zama Laouali a nan, Lawal a can. Aishatu ta zama Aïchatou a gidan likita, Aïssatou a lakwal. Yusufu ya rabu biyu, rabi Issoufou, rabi Youssoufou. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ba su da wurin zama sam: Ɗan ya koma Dan, kamar yadda Tasawa ta koma Tessaoua, Gidan Runji ya koma Guidan Roumdji. Kowane magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan harshen da ba a yi su domin wannan sauti ba. Bayan shekara goma sha biyar, wani magatakardan ya ɗora takardu biyu kusa da juna, ya ga harafi ɗaya ya bambanta, ya ce waɗannan mutane biyu ne. Wa zai gyara? Yaron da bai iya riƙe fensir ba ranar da aka yi kuskuren, shi za a tura kotu neman hukuncin gyara, da kuɗinsa da lokacinsa. Ba a taɓa kiran mai kuskuren a tambaye shi ba.

Hatimi bisa hatimi

Sai kuma babban abin al'ajabi, wato kwafi mai hatimi. Hukuma ce ta rubuta takardar, ita ce kuma ta ajiye asalinta a kundinta. Amma duk sa'ad da wani reshe na hukumar ya so ganinta, ɗan ƙasa ake ɗora wa aikin. Ya je shago ya ɗauki hotonta, ya sayi tambur, ya bi layi, domin wani jami'i ya shaida cewa hoton ya yi daidai da takardar da wani jami'in ya rubuta, sannan ya kai wa jami'i na uku. Ma'aikata ba ta yarda da ƴar'uwarta ma'aikata ba, sai talaka ya zama ɗan aike a tsakaninsu, da kuɗin aljihunsa. Kuma abin ba ya ƙarewa. Ana nema ranar shiga lakwal, da ranar shiga kwaleji, da ranar BEPC, da ranar Bak, da ranar neman tallafin karatu, da ranar jarrabawar shiga aiki, da ranar neman takardar ɗan ƙasa. Makarantar da ta karɓi takardar yaro yana ajin farko na kwaleji, ita ce take sake nemanta yana aji na huɗu, sai ka ce a tsakani ya canja uwa.

Wannan ɗabi'a tana da asali, kuma sanin asalin yana da amfani. A 1539 sarkin Faransa, Faransuwa na Ɗaya, ya yi dokar Villers-Cotterêts, wadda ta umarci limaman coci su riƙa rubuta yaran da aka yi wa baftisma, ta kuma wajabta Faransanci a takardun shari'a da na mulki. A 1792, bayan juyin juya hali, aka karɓe kundayen daga hannun coci aka miƙa wa magadan gari. Wannan tsari ne ya ƙetaro teku da hamada ya sauka a nan, da hatiminsa da tamburinsa da harshensa. To, ga abin da ba a cika faɗa ba: tun watan Oktoba na 2001 Faransa ta hana ofisoshinta neman kwafi mai hatimi a kan takardun da hukuma ta bayar, hoto mai karantuwa ya wadatar. Mai kayan ya sauke kayansa fiye da shekara ashirin da suka wuce, ɗan dako yana nan yana nishi da su, har yana yi wa na bayansa tsawa su riƙe da kyau.

Masu kare tsarin za su ce in ba hatimi, jabu zai cika gari. Damuwar tana da tushe, ba za a yi watsi da ita ba. Kowane malamin makaranta ya san labarin ɗalibin da ya faɗi jarrabawa har shekarunsa suka wuce ƙa'ida, ya ɓace hutu guda, ya dawo da sabon suna, an zaftare masa shekara uku. Amma a tambaya: da wace irin takarda ya dawo? Da takarda ta gaske, mai hatimi na gaske da sa hannu na gaske. Jabun da ya fi ɓarna ta ƙofar ofis yake fitowa. Jami'in da ke buga hatimi a kan hoto ba ya komawa kundi ya bincika, takarda kawai yake kwatantawa da takarda. In asalin ƙarya ne, hatimi sai ya ƙara masa kwarjini. Maganin jabu shi ne kundi mai aminci, wanda ofis zai iya tambayar ofis a kansa kai tsaye. Layin da ake sa masu gaskiya su bi ba ya kama maƙaryaci, domin maƙaryaci ba ya bin layi. Yana da mutuminsa a inuwar bishiyar ƙofar ma'aikata, ɗan kamasho wanda ake miƙa wa jika ɗaya ko biyu, abin da aka ce sai jibi ya fito kafin azahar. Jinkiri shi ne jarin wannan kasuwa. Ranar da aiki ya koma na minti goma, ranar za ta ci.

Uzurin magatakarda

Adalci ya wajaba ga ƙaramin ma'aikacin da yake bayan tebur, domin shi ma taiki ne, ba jaki ba. Sau da yawa shi kaɗai ne ga ƙaramar hukuma guda, da alƙalami da kundi, a ɗakin da damina take yi wa yoyo, gara kuma take ci daga ƙasa. Fom yakan ƙare ya yi watanni bai zo ba. Wakilan ƙauyuka masu karɓar sanarwa ɗan ihisani ake ba su, in ma ya zo. Lokacin da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, aka kafa kwamin 265, an miƙa musu nauyin rajista, amma yawancinsu ba su da kuɗin shigar da zai ɗauke shi. Da aka rusa majalisunsu a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi, mai sa hannu ne ya canja. Kundin da garar suna nan inda suke. Sai dai wannan sauyi ya rufe wata ƙofar uzuri. Da, akan ce siyasa ce ta hana, magajin gari yana yi wa ƴan jam'iyyarsa aiki. Kantoma kuwa daga sama aka naɗo shi, ga sama yake ba da bahasi, don haka abin da ya gagara a ofishinsa babu wanda za a tambaya sai wanda ya naɗa shi.

Kada kuma a ce abin ya fi ƙarfin ƙasa matalauciya. Kafin zaɓen 2020, da aka so yin rajistar masu zaɓe da hoton yatsa, an ga alƙalai da magatakarda suna yawo ƙauye-ƙauye, suna zaman kotu a gindin bishiya, suna ba mutane takardu kyauta. Masu allurar shan inna sun shekara da shekaru suna bin gida-gida, suna rubuta lamba da alli a jikin ƙofa. Duk lokacin da hukuma take son wani abu a wurin talaka, ko ƙuri'a, ko haraji, ko bakin jaririnsa, takan sami mota da mai. Sai in shi ne yake son nasa haƙƙin ake tuna masa da nisan hanya.

Abin da ke kan wannan ƴar takarda kuwa ba kaɗan ba ne. A kanta ake gina takardar ɗan ƙasa, a kan wannan a gina katin shaida da fasfo. Da ita maraya yake karɓar haƙƙin ubansa, da ita alƙali yake sanin ko wanda aka gurfanar gabansa yaro ne ko babba, da ita ake sanin shekarun yarinyar da ake shirin yi wa aure. Wanda tashin hankali ya kora daga Difa ko Tilaberi ko kudancin Maraɗi, da ɗan da aka haifa wa ɗan ci-rani a Kano ko Kumasi ko Abijan, in ba su da ita, sai su wayi gari baƙi a ƙasar ubanninsu. A ƙarshen 2020 har gardamar takardun asalin ɗan takarar shugaban ƙasa ta kai gaban Kotun Tsarin Mulki. A watan Janairu na 2025 aka ƙaddamar da fasfon ƙasashen AES. Amma komai kyan fasfo, abin da kundin ƙauye ya ce shi zai maimaita. A ƙasar da ake haihuwar yara kimanin miliyan guda duk shekara, ƙawata rufi alhali tushe yana zaizayewa aikin banza ne.

Da wane harshe aka haifi yaro?

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To, a ina ya kamata a fara ganin wannan magana in ba a takardar farko da ƙasa take miƙa wa ɗanta ba? Uwar da ta yi karatun yaƙi da jahilci, da uban da ya iya ajami, suna riƙe da shaidar haihuwar ɗansu ba su iya karanta ko layi ɗaya a ciki, balle su gane an yi kuskure tun tawada ba ta bushe ba. Takarda mai harshe biyu, Faransanci a gefe, harshen iyaye a gefe, ko Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, ba ta fi ƙarfin injin buga takardu ba. Ita ce kuma hanya mafi arha ta kashe kuskuren suna, domin mai abu shi ne mai duba na farko.

Abin da ya kamata a yi bai ɓuya ba. Na farko, rajista ta je wurin suna: a ba liman da mai unguwa da ungozoma damar isar da sanarwa ran bakwai, ko da ta wayar salula, a kuma biya su ladan aikinsu a kan kari. Na biyu, a yanka wa ofis wa'adi kamar yadda aka yanka wa iyaye. In kwana 60 sun isa uba ya sanar, to a faɗi kwana nawa suka isa hukuma ta miƙa takarda, a kuma faɗi wanda za a tuhuma in ta saɓa. Na uku, kuskuren da jami'i ya yi, ofis ya gyara shi a teburinsa, kyauta. Na huɗu, makarantar da ta karɓi takardar yaro sau ɗaya kada ta sake nemanta, kuma kada a hana wani ɗalibi zaman jarrabawa saboda takardar da hukuma ce ta kasa ba shi. A bar shi ya rubuta, alƙali ya zo makaranta ya kammala sauran. Na biyar, a yi jerin sunaye na ƙasa da ƙa'idar rubutu guda, kowane magatakarda ya bi shi. A cikin waɗannan biyar babu wanda ya kai kuɗin taron bita guda nawa ake yi a shekara.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Manomin nan zai koma, domin ba shi da zaɓi. Zai sake auna wake, ya biya wa shaidu biyu kuɗin mota da na abinci, ya tsaya gaban alƙali ya shaida cewa yarinyar da ke tsaye kusa da shi, mai shekara goma sha shida, lalle an haife ta. In Allah ya sa an gama kafin a rufe karɓar dosiye, za ta zauna jarrabawa. In ba a gama ba, za ta koma gida, kuma kowa ya san abin da yake jiran budurwar ƙauye da ta zauna gida shekara guda. A rahoton ƙarshen shekara za a rubuta cewa iyaye ne suke cire ƴaƴa mata daga makaranta saboda rashin wayewar kai. Ranar da mai rubuta rahoton ya tashi neman wanda za a wayar wa da kai, ya fara da buɗe aljihun teburin da sanarwar ta shekara goma sha shida a ciki.